Bikin Adabi a Arewacin Kamaru: A Bari Mu Faɗi Asalinmu da Bakinmu

Ina cikin masu burin ganin ranar da arewacin Kamaru zai samu bikin adabi nasa na kansa, babba, wanda za a riƙa yi kowace shekara a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, marubuta da mawaƙa da masu karatu su hallara, a karanta, a yi muhawara, a sayar da littafi. In kuma aka ce maganar asali ce za ta zama jigon bikin, wato su wane ne mu, daga ina muka fito, me ya haɗa mu da maƙwabtanmu kuma me ya shiga tsakaninmu, to ni ne zan riga kowa zuwa. Sai dai ina da sharaɗi ɗaya, kuma ba zan sauka daga kansa ba: kada a tara mu a yi maganar asalinmu da harshen da iyayenmu ba sa ji.

Duk wanda ya saba halartar tarukan al'adu a garuruwanmu ya san yadda ake tsara yawancinsu. Da hantsi a kira masu algaita da kalangu, a jera dawakai da ado, yara su yi rawa, manyan baƙi su yi tafi. Da an gama wannan sai a sallami makaɗa, a shige babban ɗaki, a ja ƙofa, a buɗe zama da Faransanci a rufe shi da Faransanci. A ciki za a yi ta tattauna rayuwar Hausawa da Fulani da Barebari da Tupuri da Mafa, su kuwa masu rayuwar suna waje. Tsohon maroƙin da ya haddace kirarin lamido da na kakannin lamido, wanda in ya buɗe baki zai jero maka tarihin gari tun daga kafuwarsa, yana zaune a inuwar darbejiya yana jiran a ba shi kuɗin mashin ya koma gida. Wannan tsari yana koya wa 'ya'yanmu wani abu ko da ba wanda ya furta shi: harsunanmu na rawa ne da kiɗa, tunani kuwa sai da harshen Turawa. Ban yarda da haka ba, kuma ba na son a ƙara ƙarfafa shi da sunan bikin adabi.

Mu Hausawan wannan yanki muna da dalilinmu na damuwa da maganar fiye da kowa, domin asalinmu abu ne da kullum ake tuhumarmu a kansa. A Hausare na tashi, a Garwa, kuma na san kakanninmu ba jiya suka zo ba. Tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajajen 1809, aka kafa masarautar Fombina, wato Adamawa, daga baya Yola ta zama mazauninta a 1841, fatake daga Kano da Katsina da Zazzau suka riƙa biyo hanya da jakuna, ɗauke da tufafi da baƙin rini da kanwa da kayan dukanci, suna komawa da hauren giwa da goro. A bayansu sai malamai da marina da mahauta da wanzamai da maƙera. Suka sauka a Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo da Marwa, lamido ya ba su unguwa, aka naɗa musu sarkin Hausawa. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su, a ƙafa, ta Borno, su haye kogi a Kusuri, su bi ta Abeshe su nufi Darfur. Wani guzuri ya ƙare masa, wani ciwo ya kwantar da shi, wani ya tsaya neman abin ci gaba da tafiya har ya yi aure ya hayayyafa. Ta haka aka samu zuriyar Hausawa da yawa a Chadi da Sudan. Duk wannan ya soma ne tun ba a ja iyaka ba. Sai a 1893 Ingila da Jamus suka zauna a can ƙasashensu suka raba Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasarta ta faɗa hannun Jamus. A 1916 aka kori Jamus, Faransa da Ingila suka sake rabo. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, yankin su Mubi da Bama ya bi Najeriya. Ba rabon da aka yi a cikin waɗannan da bai ratsa ta tsakiyar wani dangi ba.

Amma je ka tsaya a shingen hanya da sunan Hausa a katinka. Na taɓa tsayawa a irin wannan shinge a kan hanyar kudu. Wani jami'i ya karɓi katina, ya duba gaba ya duba baya, ya ɗaga shi sama yana hasko shi da rana, ya dubi hulata, sannan ya tambaye ni yaushe na shigo ƙasar. Na ce masa a nan aka binne kakan kakana. Ya miƙo min katin ba tare da ya ce uffan ba, amma na ga a fuskarsa bai gamsu ba, kuma duk fasinjojin motar sun ji tambayar. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako jihar Arewa Mai Nisa a wajajen 2014, irin wannan kallo ya ƙaru. In ka isa Yawunde ko Duwala kuwa, duk mai babbar riga Bahaushe ne a idon jama'a, ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Balaraben Shuwa; an dunƙule mu wuri guda, ba a san mu da komai ba sai tukubar tsire da shagon tireda. Ka tsallaka Najeriya wurin dangi, ka buɗe baki, a ji kalmar Faransanci da ta Fulatanci sun faɗo cikin Hausarka, sai a yi dariya a ce ai ɗan Kamaru ne. Ga kuma yaran da ke tasowa ba takardar haihuwa, su kai ajin ƙarshe na firamare a ce ba za su zauna jarrabawa ba, su girma ba su da abin nunawa ran da aka tambaye su ko su 'yan ƙasa ne.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littafi ne guda, kuma ba mu rubuta shi ba. A nan ne zan juyo kanmu.

Mu masu son labarin Hausa ne, ba wanda zai musa. Ina da wata goggo mai ɗinki a gida. Kekenta na bakin taga, wayarta na jingine da gwangwanin allurai, tun safe har azahar wata murya tana karanto mata littafin soyayya babi bayan babi. In aka zo inda kishiya ta ƙulla makirci, sai ta ɗage ƙafa daga kan keken ta ce, "Kai, wannan mata ba ta tsoron Allah!" Ta san unguwannin Kano da ba ta taɓa takawa ba, ta san abin da lefe ke ci da naira. Wata rana na ce mata, "Goggo, kin taɓa jin irin wannan labari da aka ce a Garwa ya faru?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗan nan, mu wa ya san da mu da har zai sa mu a littafi?" Ta mayar da ƙafa kan keke ta ci gaba da ɗinkinta. Ita ba ƙorafi take yi ba, ta ɗauka haka Allah Ya tsara, labari a can yake faruwa, mu namu saurare. Wannan ne ya fi ci min rai.

Ba laifin Kano ba ne. Su sun yi aikinsu. Tun gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara, suke rubuta ƙagaggen labari. Daga ƙarshen shekarun 1980 matasa maza da mata, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka ɗauki alƙalami ba su jira wani babban kamfani ba, littattafai suka cika kasuwa har suka iso mana nan. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016. A 2021 aka fara bikin littattafai da fasahar Hausa na ƙasa da ƙasa a Kaduna. Ranar Hausa ta Duniya ma da ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, mu ma mukan sa manyan kaya mu ɗauki hoto mu watsa a Facebook. Kashegari a ninke riga, ba a ƙaru da ko shafi ɗaya ba. Labarin jirgin ƙasan da ke tashi daga Ngaundere da yamma ya kwana yana tafiya zuwa Yawunde, da labarin masunta a bakin Binuwai, da na mai auna auduga, da na direban tirela da ya kwana a gadar Ngeli yana jiran a buɗe iyaka ya shiga Njamena, ba marubucin Kano ne zai zo ya rubuta mana su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani ɓangare na abin da ya ɗaure mu shi ne hannu, ba zuciya ba. Saurayin Garwa da ya gama lise, wato makarantar sakandare, zai rubuta maka shafi goma da Faransanci ba tuntuɓe, amma in zai gaida mahaifiyarsa da Hausa ta WhatsApp sai ya ari ƙa'idar Faransanci, ya jera haruffa uku inda ɗaya ya isa, haruffa masu lanƙwasa kuwa bai taɓa sanin inda ake sa su ba. Ba wanda ya koya masa. Tsarin mulkin 1996 ya ce gwamnati za ta kare harsunan ƙasa ta kuma bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 ta nanata haka, kuma tun 1979 masana suka tsara haruffan bai ɗaya na rubuta harsunan Kamaru. An ɗan fara koyar da wasu harsuna a wasu makarantu, amma yaron unguwarmu yakan gama karatunsa bai taɓa riƙe littafin Hausa a aji ba. Wanda kuwa bai amince da hannunsa ba yana jin kunyar nuna abin da ya rubuta, daga nan sai ya bari.

Alhali kuwa mu magada rubutu ne. A zaurukan tsofaffin malamanmu akwai gafakoki cike da takardun da suka yi ja don tsufa: waƙoƙin wa'azi da na bege, wasiƙar da wani falke ya aiko wa ɗan'uwansa daga nesa, lissafin bashin goro, laƙanin magani, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, duk cikin ajami. Malam ya rasu, magada ba su iya karantawa ba, a tura gafaka ƙarƙashin gado, gara da ruwan damina su gama da ita. Bikin adabin da ya san abin da yake yi zai ware ɗaki guda don waɗannan takardu kaɗai: a kawo, tsoho ya karanta da ƙarfi, a ɗauki hoton kowane shafi, a mayar wa mai ita kayarta a hannu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi waƙoƙinta, tana zaɓen harshe gwargwadon wanda zai saurara, jajis ɗinta kuma, wato matan da ta horar don karantarwa, suna kai waƙoƙin ga mata har ƙauyuka. Hanyar da nake kira a bi ke nan, ba baƙuwa ba ce a gidanmu.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce Kamaru tana da harsuna fiye da 200, Chadi fiye da 100; in kowa ya zo da nasa, wa zai ji wani? Faransanci ba na ƙabilar kowa ba ne, don haka kowa zai iya tsayawa a kansa ba a ce an fifita wani. Za a kuma nuna min Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, wadda ta rubuta labarin auren dole da zaman kishi da irin haƙurin da ake ɗora wa mata, da Faransanci, ta ci kyautar Goncourt ta 'yan makaranta a Faransa a 2020, har duniya ta san akwai wani gari wai shi Marwa. Ina alfahari da ita ƙwarai, kuma ban ce a kori Faransanci ba. Da shi na yi karatu, da shi nake neman abinci. Abin da nake cewa shi ne, matan da ta ba da labarinsu, da yawansu ba za su iya karanta shafi ɗaya na littafin ba. In bikinmu ya gayyato marubuciya irinta, to a karanta babi da Faransanci, a sake karanta shi da Fulatanci da Hausa a gaban matan nan, a miƙa musu lasifika su ce haka ne, ko su ce a'a, a gidajenmu ba haka abin yake ba. A lokacin ne za a ce an yi muhawara a kan asali, domin masu asalin sun sa baki.

Batun wa zai ji wani kuwa, mu nan ba mu taɓa zama masu harshe ɗaya ba. A kasuwar Garwa da ta Marwa da Fulatanci ake ciniki, ko kai wane ne. A Kusuri da Njamena Larabcin Chadi ne ke haɗa mutane. Yaron unguwarmu Hausa yake yi a gida, Fulatanci a titi, Larabci a makarantar allo, Faransanci a aji, bai kuma taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. Tafinta tsohon aiki ne a wurinmu: a fada akwai shi, a kotu akwai shi, a wurin wa'azi akwai shi, a coci ma haka. Mutanen da suka iya fassara huɗuba da shari'ar gona nan take za su iya fassara waƙa. Zai ci lokaci, i, zaman awa ɗaya zai kai biyu. Sai a rage jawaban manyan baƙi.

Akwai abin koyo a wurin maƙwabtanmu na Chadi. Nocky Djedanoum, ɗan Chadi, shi da Maïmouna Coulibaly suka kafa bikin Fest'Africa a birnin Lille na Faransa. A 1998 suka kai ayarin marubutan Afirka Ruwanda, shekara huɗu bayan kisan ƙare dangi na 1994, don su zauna su saurari waɗanda suka tsira sannan su rubuta. A 2003 suka kawo babban taron marubuta Njamena. Cikin waɗanda suka je Ruwanda akwai Koulsy Lamko na Chadi da Boubacar Boris Diop na Senegal. Diop ya rubuta littafinsa na Ruwanda da Faransanci, amma a 2003 sai ga shi da littafi da Wolof, harshen da ya sha a nono, bayan ya daɗe yana rubutu da Faransanci. Biki ne ya ɗauki marubuci ya ajiye shi a gaban mutanen da ke cikin ciwo, ya dawo yana neman yin magana da mutanensa da harshensu. Mu ma muna da inda za mu kai marubutanmu su zauna su saurara. Fotokol na nan, Kolofata na nan, Amshide na nan, garuruwan da rikicin Boko Haram ya shafa, sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da aka buɗe a 2013 shi ma na nan. An yi ta rubuta rahotanni a kansu da Faransanci da Ingilishi, amma uwar da ta gudo da goyo cikin dare da Barbarci ko Mandara ko Shuwa ko Hausa ta yi kukanta, da shi kuma take ba da labarin in ta samu mai saurare.

Akwai wata fargaba da ta fi ta harshe nauyi, kuma ita ce na fi daɗewa ina juyawa a rai. Za a ce in aka bar kowa ya zo da harshensa ya faɗi asalinsa, taron zai koma fagen kirari, kowace ƙabila ta wasa kanta ta taka maƙwabciyarta, 'yan siyasa kuma su samu ƙofar da suke nema. Wannan na iya faruwa, mu Hausawa kuwa ba baya ba ne wajen kirari. Amma maganinsa ba shi ne a ɓoye a bayan Faransanci ba. Maganinsa shi ne a yarda cewa asali ba zaƙi kaɗai ne a cikinsa ba, a kuma faɗi ɗacin da bakin da kowa zai ji.

Fataken da na ambata ɗazu ba hauren giwa kaɗai suka saya ba. A ƙarni na 19 Ngaundere da wasu lamidoji sun yi ta kai hari a kan Gbaya da Laka da sauran al'ummomin da ba Musulmi ba, ana kamo mutane ana sayarwa, kuma akwai kakanninmu cikin dillalai da masu saye. Mutanen duwatsun Mandara har yau suna ba da labarin mahayan da suka riƙa farautarsu. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa abin da ya faru kullum tsakanin 1912 da 1927, a ciki har da lissafin hare-harensa da mutanen da ya kamo. Wannan ba tsohon zance ba ne da ya wuce ya bar mu. Yana nan a cikin sunayen raini da muke kiran maƙwabtanmu da su ba ko ɗar. Yana nan ran da aka zo neman aure aka ce a binciki asali, wata tsohuwa ta yi raɗa a kunne cewa kakar yaron baiwa ce, ko gidansu gidan mahauta ne ko wanzamai ko maroƙa, magana ta mutu tun ba a kai goro ba. Da yawa daga cikinmu masu bugun ƙirji da Hausanci muna da kaka Mbum ko Gbaya ko Fali wadda ba a ambaton daga inda ta fito. Mun tashi mun ga zane a fuskarta wanda ba irin na gidanmu ba, ba wanda ya yi mana bayani, harshenta kuma ya mutu tare da ita a tsakar gida.

Wannan nake son in ji a bikin adabi. Ina son yarinya 'yar Mafa ta tashi ta rera waƙa da harshenta a kan abin da kakarta ta gaya mata, tafinta ya mayar mana da Hausa da Fulatanci, mu zauna mu ji har ƙarshe ba mai katse ta, ba mai cewa ai wannan ya wuce. Ina son Bahaushe ya tashi a bayanta ya karanta labarin waccan kakar mai zane. Ina son Bafulatani ya faɗi yadda yake ji in aka kira shi Bahaushe a kudu, mu ma mu faɗi yadda zaman baƙunta na shekara fiye da 150 yake a garin da aka haife ka. Da Faransanci ana iya faɗin duk waɗannan a cikin ɗaki mai sanyi a tashi lafiya, domin waɗanda ya kamata maganar ta taɓa ba sa wurin. Zaman lafiyar da aka samu ta hanyar hana mutane jin abin da ake faɗi a kansu ba ya zuwa ko'ina.

Wasu daga cikin dattawanmu za su ce ƙagaggen labari ƙarya ce da ɓata lokaci. Ina girmama su, amma Shehu da ƙaninsa Abdullahi da 'ya'yansa da waƙa suka karantar da jama'a, kuma yaran da ake jin tsoron labari zai ɓata su tuni suna sauraron na wasu a waya dare da rana. Gara su samu wanda aka rubuta da tarbiyyar gidansu.

Saura maganar kuɗi, wadda a kanta ne irin wannan buri yakan mutu. In cibiyoyin al'adu na ƙasashen waje ne kaɗai za su ɗauki nauyi, to harshen taro zai bi harshen mai biya, kuma ba zan ga laifinsu ba. Muna da alhazai masu manyan motoci da shanu da shaguna, waɗanda ba sa jin nauyin kashe dukiya a sukuwar sallah da ƙwallon unguwa da bikin 'ya'yansu. Muna da jami'o'i a Ngaundere da Marwa da Garwa, cike da ɗalibai masu jin harsuna uku uku. Muna da gidajen rediyo masu shirye-shirye da harsunanmu. Abin da ake bukata bai kai kuɗin walima ɗaya ta gidan mai hali ba: rumfa, tabarmi, lasifika, masaukin baƙi, da ladan tafintoci. A yi shi a fili, a ƙofar fada ko filin makaranta, bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi kuma 'yan kasuwa sun fara tashi. A ware wa mata zamansu a lokacin da za su iya fita, kada a sa shi daidai da ɗora tukunya. A buga ƙananan littattafai a kan farashin da ɗan makaranta zai iya cirewa daga aljihunsa, ba irin waɗanda ake shigo da su daga Faransa ba, da sai ma'aikaci ya yi shawara da albashinsa kafin ya taɓa.

A gayyato baƙi daga Yola da Maiduguri da Njamena da Damagaram da Kano, mu karɓe su hannu biyu, mu koyi ƙa'idar rubutu a wurinsu, domin sun riga mu nisa kuma rubutu ɗaya ne zai sa mai karatu a Sakkwato ya gane mu. Amma ina roƙonsu da girmamawa kada su zo da jan alƙalami suna goge kalmominmu. In tsohuwa a labarina ta kira ƙanin mahaifi baffa, ta yi lissafi da sefa, ta sako Fulatanci a tsakiyar faɗa, haka take magana, kuma haka za a bar ta.

Ba sai mun jira babban biki ba kafin mu fara. Ƙungiyoyin matasan Hausawa da ke shirya Ranar Hausa a garuruwanmu za su iya sanar da gasar gajeren labari tun watanni kafin Agusta, da sharaɗi ɗaya: labarin ya faru a nan, tsakanin Ngaundere da tafkin Chadi. Kafin a rufe karɓa, a samu malami ko biyu su riƙa zama da masu sha'awa kowace Asabar suna koya musu ƙa'idar rubutu, a kuma karɓi wanda aka rubuto da ajami, da wanda aka aiko da murya daga wadda ba ta iya rubutu ba. Labaran da suka yi fice a buga su, a fassara su zuwa Fulatanci da Faransanci, a naɗi karatunsu a kai gidajen rediyo, a kuma tura su ta waya zuwa zaurukan da mata ke karɓar littattafan Kano.